Hoton Maigarin da Ba Ya Ƙin Amsa Gaisuwa

Har gobe ban manta da ranar da muka ɗauki hoton wani maigari daga wajen Tabla ba. Lokacin ina tafinta a gidan kumandan, wato Baturen mulki na Filinge, ni nake fassara tsakanin Bature da mutanen Kurfai.

Gwamna ya aiko daga Yamai a tura masa hoton kowane maigari, ga shi fim ɗin kumandan ya ƙare. Sai ya samo ragowar irin wanda ake buga silima a kai, ya yanka ya cusa a 'yar na'urarsa. Wannan fim kuwa malalaci ne, ba ya kama hoto sai mutum ya daɗe kamar gunki. Ko kai ya gyaɗa, fuska ta zama kunu.

Na yi wa Maigari bayani, ya ce, "Wannan mi na ne? Zama dai ne."

Amma ranar Lahadi ce, kasuwa na ci, ga shi a bakin hanyar kasuwar muka zaunar da shi. Kumandan na buɗe idon na'ura wani mai jaki ya ce, "Ranka shi daɗe, ina kwana?" Maigari ya juya, ya tambayi gida, ya tambayi gero, har jakin sai da ya tambaya. Aka sake, wata mai hura ta gaishe shi. Na roƙe shi ya yi shiru.

Ya ce, "Tafinta, a gaishe ni in ƙyale? A tahi Tabla a ce Nasara ya maishe ni kurma?"

Kumandan ya yi jajir, ya daka tsawa. Ya ce fim saura na hoto ɗaya, in ya lalace in nemi wani aiki. Na shiga neman dabara.

Can wani gardi ya raɗa mini cewa uwar matar Maigari tana kasuwa tana sayar da daddawa. Na ruga na durƙusa na ce, "Inna, don Allah zo ki tsaya nan kaɗan." Na tsayar da ita bayan kumandan.

Maigari na ganinta ya sunkuyar da ido, ya ƙame. Ƙuda ya sauka a hancinsa bai kora ba. Mutane suna ta gaisuwa, ko tari bai yi ba.

Hoto ya fito tangaram. Kumandan ya yi ta fahariya cewa tsawarsa ce ta ladabtar da Maigari, ni kuwa na amsa masa da "Haka ne."

A wannan aiki na koyi cewa sanin harshen mutum ba ya isa, sai ka san gaban wa yake jin kunya. Maigari dai bai sake amsa gaisuwata ba har ya rasu.