Larabcin Maman Hadassah

Duk wanda ya saba shiga layin masu acca da citta a kasuwar Sabon Tasha ya san Irene, ko da bai san sunanta ba. Maman Hadassah muke ce mata. Teburina yana jikin nata, don haka abin da zan faɗa da idona na gani. Mutuniyar Zonkwa ce, mijinta ya rasu tun masaƙun Kakuri suna aiki, da mudun acca ta riƙe 'yarta tilo. Karatunta a firamare ya tsaya, Turancinta ma na ciniki ne. To, wannan matar ce ta tashi koyon Larabci da furfura a ka.

Hadassah ce sanadi. Wani ejan ya kai ta aikin gida a wata ƙasar Larabawa. Da farko tana kira duk Lahadi bayan coci. Wata rana ta ce uwar ɗakinta za ta karɓe wayar, ta turo lambar matar, daga nan ɗif. Ejan ya rufe shago ya ɓace. Irene ta yi ta kiran lambar, amma da matar ta ji Turanci sai ta katse. Irene ta ce tunda haka ne, da harshenta za ta roƙe ta, ta bari ta ji muryar 'yarta ko sau ɗaya.

Akwai wani Malam Zakariyya'u daga Trikania da ke sayen citta a wurinta, yana karantar da matan aure Larabci a zauren gidansa. Ta zayyana masa komai. Ya ce ta zo. Da rana ta yi sai ta bar mini tebur, ta gyara ɗankwali, ta hau keke napep.

Ta sha wuya. Rubutun da ake farowa daga dama ya gagare ta, sai Malam ya ajiye allo ya koma biya mata da baki. Akwai haruffan da sai an matso su daga maƙogwaro, in tana gwadawa a kasuwa nakan ce mata ko ƙayar kifi ce ta maƙale, ta harare ni ta ci gaba. Abin da ta haddace yau, gobe rabi ya zube.

Wannan duk da sauƙi. Matan unguwa suka ga inda take zuwa, magana ta bazu wai Irene za ta musulunta. Ita ce mai buga kiɗan tulu a zumuntar matan cocinmu shekara da shekaru, rana ɗaya aka ce ta ɗan huta tukuna. Raina ya ɓaci ƙwarai. Na tambaye su a taro wace ce a cikinsu ta iya Larabcin da za ta kira mata, ba a samu ko ɗaya ba. Can Trikania ma an dami Malam da tambayar yaushe baƙuwarsa za ta karɓi shahada, ya ce harshe ta zo nema, a ƙyale ta. Irene dai ta rame.

Da damina ta ja baya, roƙon da take haddacewa ya zauna mata daram. Muka laɓe bayan buhunan citta, ta kira, ni kuma ina ɗaukar maganar da wayata. Ta yi sallama, ta faɗi ko ita wace ce, ta yi roƙonta tsaf. Matar ba ta katse ba. Ta yi 'yar dariya, sannan ta zubo magana kamar an buɗe famfo. Irene ko kalma ɗaya ba ta kama ba, har layin ya mutu.

Muka garzaya wurin Malam. Ya saurara, ya sake saurara, gumi ya tsattsafo masa.

"Maman Hadassah, ki yafe ni," in ji shi. "Larabcin littafi na sani, shi na koya miki. Wannan na cikin gidansu ne. Ban iya ce miki ta yarda ko ta ƙi ba."

Na tausaya wa bawan Allah nan, amma Irene ta fi ba ni tausayi. Ba ta yi kuka ba. Cewa ta yi in tura mata maganar a wayarta.

Yanzu Malam yana cigiyar wanda ya taɓa zama a can, ita kuma ba ta fasa zuwa zaure ba. In ciniki ya lafa sai ta manna waya a kunne. Ba matar take saurare ba. Can bayan muryarta akwai ƙarar kwanuka, kamar ana wanke-wanke. Jiya ta miƙo mini, ta ce in kasa kunne sosai.

"Kin ji? Tarin Hadassah ne. Haka take yi tun tana ƙarama in ta sha ruwan sanyi."

Ni dai kwanuka kawai na ji. Na ce mata na ji.