Ruwan Randar Inna

Yayanmu ya dawo daga Ingila da tsakiyar bazara, cikin kwat, gumi na zuba masa kamar an matse tsumma. Mutumin da aka binne cibiyarsa a bayan rumbunmu na Rogo Ruma, shi ne ya tsaya a zaure yana tambaya wai kullum haka ƙasar nan take da zafi. Tun daga ranar na raina shi, kuma har yau ban fasa ba.

Shi ne ɗan fari, don haka Inna ba ta faɗin sunansa, ba ta hira da shi, ko kallonsa ba ta yi a gaban mutane. Abin da bakinta ya kasa faɗa sai ta zuba shi a randa. Da ta ji zai dawo, ta sayo sabuwa a kasuwar Rogo, ta turara ta, ta jefa saiwar jema a ciki, ta kafa gindinta cikin jiƙaƙƙen yashi. Burinta ɗaya ne, ya sha ruwan gidansu. Ni, ƙanwarsa, aka ba ƙwaryar na kai masa.

Ya leƙa ciki ya yamutsa fuska.

"An tafasa?"

"Yaya, na randa ne. Inna ta ce a kawo maka."

"Mayar. Cikina ya manta da irin wannan."

Inna tana bakin murhu, ta ji komai. Ta karɓi ƙwaryar ta juye a gindin zogale.

Ya zo da tukunyar tace ruwa, da gidan sauro, da ƙwayoyi cike da gwangwani. Muna shimfiɗa a tsakar gida muna shan iska, shi yana ƙunshe a ɗaki har ƙuraje suka feso masa a wuya. Amma zafi ba ya sauraron Turanci. Kafin kaka ya ajiye kwat ya koma jamfa. Da ya kama aiki a Karaye, ni da idona na gan shi a kasuwa yana kwankwaɗar fura da nono, ƙuda na shawagi a bakin ludayin, bai tambayi kowa ko an tafasa ba. Cikin dai ya tuna. Girman kai ne ya hana shi janye maganar da ya yi a gida.

Duk Juma'a yakan zo gaisuwa da ruwansa a kwalba. Duk Juma'a Inna takan ce mini, "Kai wa wancan ruwa." In kai, in dawo da shi a cike. Zogalen nan ya yi tsawo har ya wuce katanga.

Da wata daminar ta zagayo, Inna ta rasu. Bayan sadakar uku, mutane sun watse, Yaya ya shigo ɗakinta ya durƙusa gaban randar. Akwai sauran ruwan da ta zuba da hannunta. Idonsa ya yi ja.

"Ƙanwata, ɗebo mini in sha."

Na ce to. Na ɗebe shi tas, na fita na hura wuta, na ɗora. Na jira har ƙamshin jemar ya gudu, sannan na kawo masa yana tururi, na dire a gabansa.

"An tafasa, Yaya."