Ranar da Rabi Ta Ƙi Ba Kwamfuta Shaida

Duk wanda ya zauna da Malam Tukur ya san tambayarsa ɗaya ce a duniya: "Wa yag gaya maka?" Ka ce masa ana ruwa a Zurmi, wa yag gaya maka? Ka ce jirgin ƙasa ya iso tasha, alhali tare kuka ji kukansa, wa yag gaya maka? Rediyo ma bai tsira ba. Na taɓa samunsa a gindin dalbejiyar firamarenmu ta Kaura Namoda, mai labarai yana cewa daminar bana za ta yi kyau, shi kuwa ya kara akwatin a bakinsa yana yi masa tambayar nan.

Na zo makarantar ina sabon malami, kaina na hayaƙi, shi kuma saura ƙiris ya yi ritaya. Lokacin Shari'a ba ta daɗe da zama ba, duk majalisar da ka zauna hirar alƙali ce da shaidu. Sai wani tsohon ɗalibi ya aiko mana da kwamfuta ɗaya da ɗan janareta. Da yake ni kaɗai na taɓa sarrafa irinta, aka damƙa mini. Nakan rubuta gajerun labarai in zuba mata, yaro ya karanta a allonta, ta yi masa tambaya goma, kowace da amsa huɗu, ya danna ɗaya, ta ba shi maki. Daga ranar Malam ya raɗa mini suna Injiniya.

Hedimasta ya yanke cewa duk ɗan aji biyar da bai samu bakwai ba a ƙarshen zango, sai ya maimaita. A ajin Malam akwai Rabi, 'yar wani masinjan kotu, wadda ba ta taɓa wuce shida ba. Ubanta ya aiko cewa in har aka ce ta maimaita, to ta gama boko, ta zauna gida ta taya uwarta surfe. Ni dai na sa sunanta a jerin masu maimaitawa, ko a jikina.

"Injiniya, Rabi ba ta iya karatu ba? Wa yag gaya maka?"

"Kwamfuta, Malam."

"Ita kuma wa yag gaya mata?"

Washegari sai ga shi a ƙofar ɗakin kwamfuta. Ya tuɓe takalmi, ya yi sallama, ya jira. Da ya ji shiru ya ce, "Ba ta da tarbiyya, amma mu je." Ya ce shi za a fara gwadawa. Ya gyara tabarau, ya karanta labarin wani manomi, yana danna amsa da ɗan yatsa ɗaya kamar mai taɓa tukunya a kan wuta. Ta ba shi tara. Kai, ranar na ga tashin hankali! Ashe a labarin na sa manomin ya girbe dawa kafin gero, ni ɗan tela da ban taɓa riƙe fartanya ba. Malam ya ga amsar da ake so sarai, ya ƙi dannawa.

"Ɗan wane gari na wanga manomi naka? Ita ba ta taɓa noma ba, kai ba ka taɓa noma ba, kun taru kun kada ni!"

Bayan kwana biyu ya jawo hannun Baba Ɗanjuma mai gadi, wanda bai taɓa shiga aji ba sai in zai rufe taga. Ya zaunar da shi, ya raɗa masa wani abu a kunne. Baba ya yi bisimilla, ya yi ta dannawa yana murmushi. Maki bakwai cif! Malam ya juyo ya ce, "To Injiniya, a ɗinka mashi yunifom, aji shida za shi." Ashe ya lura ni da ƙyuyata kusan kullum amsar daidai ta biyu nake sawa, kuma shaƙiyyan yaran nan sun riga shi ganewa. Na kwana uku ina jujjuya amsoshi, kunya kamar in nutse. Maki ya zube wa rabin aji. Rabi kuwa tana nan a shidanta, ba gaba ba baya.

Abin ya hana Malam sakat. Ya ɗauko benci ya dasa a bayanta, duk ranar gwaji yana nan zaune, ga ciwon gwiwa, ga hayaƙin janareta yana shigowa ta taga. Na ce masa, "Malam, ka hutar da kanka, na'ura ba ta ƙarya." Ko kallona bai yi ba. A mako na uku ya ɗaga hannu ya ce in tsaya. Ya gano akwai tambayoyin da Rabi take tsallakewa, ba ta ko taɓa su.

"Rabi ɗiyata, karanta mani labarin ga da ƙarfi."

Ta karanta tiryan-tiryan, ko tuntuɓe babu. Labarin wani Audu ne da ya shiga lambun maƙwabci.

"Madalla. To wa yas saci mangwaron?"

Ta sunkuyar da kai. "Malam, ban gani ba."

"Ba ga shi nan rubuce ba?"

"An dai ce Audu na. Babana ya ce duk wanda yab ba da shaidar abin da bai gani da idonai ba, wuta za shi. Kuma in na danna, kwamfuta ta kai ma alƙali, a kama shi."

Inna lillahi! Ni ko don in koyar da tarbiyya, babu labarina da ba ɓarawo ko maƙaryaci a ciki. Duk tambayar da ta ce wa ya sata, wa ya fasa, wa ya yi ƙarya, yarinyar nan sai ta kama bakinta ta wuce, ta yarda makinta ya tafi.

Malam ya yi dariya har hularsa ta faɗi. Sannan ya cafke wuyan hannuna ya ja ni gabanta. "Ga uban Audu nan. Gaya mata." Na rantse mata babu wani Audu a duniya, ni na ƙirƙiro shi a kan wannan kujerar. Ta dube ni da idanun nan nata ta ce, "To Malam, mi yay yi maka kac ce ya yi sata?"

Malam ne ya yanke hukunci: daga yau duk irin wannan tambaya a fara ta da "A cewar Injiniya". Ya ce mata, "Ke dai faɗi abin da yac ce. In da zunubi, yana wuyanai." Haka kuwa na zauna na gyara su ɗaya bayan ɗaya. Ranar gwajin ƙarshe Rabi ta samu goma, na soke sunanta daga jerin masu maimaitawa da hannuna. Har yau in na tuna saura kaɗan in rufe wa yarinya makaranta saboda tsoron Allah da take da shi, sai in yi istigfari.

Da Malam ya rasu, ranar uku ina zaune a zaure tare da masu karɓar gaisuwa, sai wata mata ta fito daga cikin gida ta durƙusa daga bakin ƙofa. Rabi ce, ta taso tun daga Shinkafi inda take koyarwa. Mutane suna ta cewa sun shaidi marigayi da alheri. Ta jira suka lafa, sannan ta ce a hankali, "Wannan kam na gani da idona. Na shaida."

Ya Allah, ka karɓi shaidar Rabi, ka san ba ta bayarwa da arha. Ka jiƙan Malam Tukur, ka yalwata masa makwanci, ka sauƙaƙa masa tambaya. Amin.