Tsohuwa Mai Mangul

Jawo tabarmarka nan kusa, wannan magana ba ta ɗaga murya ba ce.

Wana shi ne ɗan farin Inna. Annasara suka ɗauke shi daga nan Gure suka kai shi lakwal, makarantar boko, a Damagaram, ya dawo da igiyar awo da sanin ginin rijiyar siminti. In za a fitar da hanyar mota, shi ke auna ta ya kafa turaku. Inna ba ta faɗin sunansa saboda kunyar ɗan fari, sai dai ta ce "wancan", amma in ta faɗa za ka ji bakinta ya cika.

To, tun yana ƙarami akwai shi da kwaikwayon mutane. Wata ranar kasuwa ya tsaya kallon 'yan kama, masu wasan ban dariyan nan da ke wa'azi a kan tuwo da miya. Suka jawo shi fili, ya yi musu tafiyar kumandan, Baturen mulki, har da tarinsa. Kasuwa ta kwanta da dariya. Bai ƙara sati biyu ba ya mayar da igiyar awo biro, ofishin aikinsa, ya bi su.

Inna ta rantse ita da shi ba magana, tunda ya mai da kansa maroƙi. Kawunnanmu sun yi ban baki, liman ma ya yi, a banza. Ana nan idonta ya tafi, ta dawo gidana da zama.

Ran nan da hantsi ina surfe, na ji sallamar wata tsohuwa da karyayyiyar Hausa irin ta Mangawa, wai daga Gamu take, ta kawo gishirin mangul. Ni kuwa ban yi karatu ba, amma kunnena ba ya ɓata. Kafin in juyo na ji numfashin wana a ƙarƙashin muryar. Na juyo, ga shi tsaye shi kaɗai, ya ɗora yatsa a baki.

Haka ya riƙa zuwa duk ranar kasuwa, da rigarsa guda da ta sha ɗinki. Sai ya zauna bakin ƙofar ɗakin Inna, "tsohuwar" ta yi ta zagin jakinta da marigayi mijinta, wai ba ta san wanda ya fi taurin kai ba. Inna ta yi dariya har ta share hawaye. Ƙawa take ce mata. Wata rana tsohuwar ta tambaye ta 'ya'yanta nawa.

Inna ta ce, "Mace ɗaya, ga ta nan. Namijin ya mutu, a kasuwa ya mutu."

Dole tsohuwar ta yi mata gaisuwar rashi. Na bi shi zaure, na same shi ya dafa bango.

Na sha roƙonsa ya buɗe mata muryarsa ta gaskiya. Ya ce in ya yi, za ta rufe bakinta, ya rasa har ɗan wannan da yake samu.

Da damina ciwo ya kwantar da ita. Wata ranar kasuwa bayan azahar ta ce a nemo mata ƙawarta. Ya zo ya durƙusa. Na mintsine shi, na ƙara mintsininsa. Ya buɗe baki, sai tsohuwar ce ta fito.

Inna ta laluba ta kama hannunsa, ta ce, "Ƙawa, mu yafi juna. Na yafe miki duniya da lahira."

Na ce, "Inna, wancan fa?"

Ta juyar da fuskarta bango, hannun dai ba ta sake shi ba. Kafin la'asar ta cika.

Ya kai maganar gun malamai biyu. Ɗaya ya ce hannunsa aka riƙe, ɗaya ya ce "miki" aka ce. Har yau yana yawon kasuwanni, Bune, Gamu, ko'ina, ana mutuwa da dariya. In ya biyo ta gidana ba ya cin abinci sosai. Sai ya ce ni mai kunne ce, in tuno da kyau, ko na ji wani abu a muryarta ranar. Na juya ta, na juya ta, ban ji komai ba, kuma ba zan yi masa ƙarya ba.

Kai da ka ji yanzu, don Allah gaya mini: yafiyar da aka yi wa matar da ba a taɓa haifa ba, ta isa gare shi?