Lallen da ya hana ni jarrabawa

Ina da jikoki biyu na shiga kwaleji, bayan na gama makarantar manya. Ranar farko aka tara mu cikin rana aka karanto dokoki: ba latti, ba goyo a aji, ba musu da malami. Duk na haɗiye. Wadda ba a faɗa mana ba ita ce, ba a shiga jarrabawa da lalle a tafin hannu, wai ana ɓoye rubutu a ciki.

Shekarar da ruwa ya ɗauke gero bai yi ido ba, 'yata ta haihu dab da jarrabawar ƙarshe. Ragon suna ma da ƙyar aka samu, amma uwar mai jego ba ta fita taro hannu fari. Na ƙunsa lalle, ya kuwa kama.

Ranar jarrabawa, a bakin ƙofa malamin da ke duba mu, wanda a haife na haife shi, ya ce, "Inna, da wannan hannun ba shiga. Doka ce. Ki wanko ki dawo."

Na ce, "Malam, a gidanku lalle yana fita da ruwa?"

Yaran da ke bayana suka bushe da dariya. Shi ko murmushi bai yi ba.

Na durƙusa a gindin famfo ina dirza da yashi har fata ta ɗaye. Ina nan aka tashi daga jarrabawar, aka ce mini sai baɗi. Baɗin kuwa maigidana ya kwanta ciwo, gona ta dawo wuyana, ban sake taka kwalejin ba.