Ruwa Na Wa? Rasuwar Badaru Mai Fito

Jiya Laraba da hantsi aka ga gawar Badaru Mai Fito a wata lanƙwasar gulbi, ƙasa da Mashigin Kanya, ta maƙale a saiwar itace. An yi masa sutura bayan azahar. Ya rasu ne ranar Talata, 18 ga Agusta, 1953, sa'ad da jirginsa ya kife a tsakiyar mashigin, mutane na ta zirga-zirgar shirin Babbar Sallah. Daga Allah muke, kuma gare Shi za mu koma. Matar da ya ɗauko a jirgin, Shafa'atu mai tallar nono, ba a gan ta ba har yanzu. Maude, mai fiton ɗaya gaɓar, yana zaune a zauren dagaci, an ɗaure jirginsa a tudu, ana jiran a wuce Sallah a kai maganarsa gaban alƙali, domin wasu sun ce shi ya jawo abin.

Baba Badaru, da kana nan da ka ce in rage sauri, kamar yadda kakan ce wa duk wanda ya faɗo jirginka da gaggawa. To, ba ni kaɗai ne na kasa zama ba. Tun ranar Talata garin bai natsu ba. Gobe Sallah, amma masu raguna suna tsaye a gaɓar Safana, masu jiran su suna tsaye a gaɓar Batsari, ana hangen juna, babu mai fito. Kowane ɗan lokaci sai wani ya zo da sabon labari, kafin a gama ji wani ya zo ya rushe shi. Ni ma na sauka bakin ruwan na hau ban san iyaka ba, kamar in na sake dubawa zan gan ka tsaye da gwangwalarka.

Wanda bai san wurin ba, ga yadda yake. Da rani gulbin yashi ne zalla, jakuna ke ratsa shi. Da damina kuwa in ya kawo, sai ya raba mutanen wajen Batsari da na wajen Safana, har sai ya ga dama. A da masu gora ne ke fito da mutane: ka rungumi ƙaton gora, kayanka a ka, mai fito yana iyo yana tura ka. Kai ne ka fara kawo jirgi mashigin nan, kuma ba saye ka yi ka zauna ba, sai da ka bi ruwan ka ga inda yake zuwa.

Wannan tafiyar taka ita ce hirar da ba ka gajiya da ita, mu ma ba mu gaji da ji ba. Kana saurayi ka sa aka sassaƙa maka jirgi na maɗaci, ka ce kullum ruwa na wuce ƙofar gidanku yana sauri, kai kuwa ba wanda ya iya gaya maka wurin wa yake zuwa. Ka bi shi cikin dajin Ruma, ka faɗa ƙasar Zamfara, ka kai har inda gulabe ke haɗuwa su zama Rima. Ka kwana a tungayen Sarkawa masunta, ka ci kifinsu, ka ga fadamun shinkafa inda aka haƙa wa ruwa hanya da hannu, jirage na bi a jere kamar shanu a burtali. Mahaifiyarka ta fid da rai da kai. Ka dawo ta ƙasa, jirgin kuwa sai wata daminar ka koma ka turo shi. Na karanta littattafan matafiya da dama, masu auna tsawon koguna da zurfinsu. Kai ba awo ka kawo ba. Na taɓa tambayar ka me ka samo a tafiyar, ka ce, "Malam, tambaya ɗaya na samo, ta ishe ni."

Tambayar ita ce: "Ruwa na wa?" A tsakiyar Mashigin Kanya akwai duwatsu biyu, ruwa na matsewa tsakaninsu, jirgi ɗaya kaɗai ke iya wucewa. Ka ce a ƙasan gulbi ka ga in jirage biyu suka doshi irin wannan matsi, wanda ya riga shiga ruwa shi ke da hanya. Na bayansa sai ya ɗaga murya ya tambaya, "Ruwa na wa?" In na farkon ya ga ɗan'uwansa ya fi shi nauyin kaya, sai ya amsa, "Naka ne!" ya kafa gwangwala ya jira. In bai amsa ba, mai tambaya ne zai jira. Abin da ba a yi, ko da wasa, shi ne mutum ya ce ruwa nasa ne. Kakan ce ruwa ana ba mutum ne, ba ya ɗauka da bakinsa. Wannan ita ce ƙa'idar da ka dasa a mashigin, ba sarki ya kafa ta ba, ba a rubuce take ba, amma har masu gora sun bi ta.

Na ga ranar da ka jira mai gora. Wani tsoho ne ke turo wata mata mai goyo, kai kuma ka ɗauko fatake masu sauri, ɗayansu yana ta faɗa wai jirgi guda zai tsaya wa ƙwarya. Ba ka ko waiwaye shi ba. Sai da matar ta taka ƙasa ka zare gwangwala, ka ce masa, "Alhaji, in ka kife ƙwaryar nan ce za ta ɗauke ka." Mutumin bai je Makka ba, kai ka naɗa shi, har yau kuwa sunan bai sake shi ba. Na kuma san ba ka taɓa barin majinyaci a gaɓa don ba shi da abin ba ka ba, kuma in Fulani za su ƙetare da shanu kakan bi gefensu da jirgi kana tsamo maruƙan da ruwa ya fi ƙarfinsu, ka ɗora su a ƙafafunka.

Sannan Maude ya zo. Mutumin can bakin iyakar Zamfara ne, ya sauka a gaɓar Safana da wani tsohon jirgi mai yoyo, ya fara ɗibar mutanen da a da kai suke jira. Aka yi ta zuga ka. Kai kuwa ka ƙetara ka same shi, ka zagaya jirgin, ka tambaye shi na wane ne wannan akushin. Ya murtuke fuska ya ce, "Nau ne." Haka mutanensu ke faɗa, inda mu muke cewa nawa. Ka yi dariya har ka riƙe ciki, ka ce, "To Malam Nau, kawo shi tudu mu toshe, kada ka jiƙa wa mutanena wanduna." Tun daga ranar sunansa ya koma Maude Nau. Kai ka toshe masa jirgin da hannunka, kai ka nuna masa inda dutse ke ɓuya in ruwa ya cika, kai ka koya masa tambayar. In kun haɗu a tsakiya yakan ce, "Tsoho, ba ka gaji ba?" kai kuma ka ce, "Sai na ga ranar da ka iya magana." Damina da yawa kuka yi a haka, ba a taɓa jin jiragenku sun gogi juna ba.

Ga abin da na iya tabbatarwa game da ranar Talata. An yi ruwa a sama tun safe, gulbin ya kawo da ƙarfi, yana tafe da itatuwa. Kai ka riga shiga daga gaɓar Batsari, da Shafa'atu kaɗai da ƙoren nononta. Maude ya taso daga tsallake da mahauta biyu da raguna cike da jirgi. Kusa da duwatsun Maude ya ɗaga murya. Daga nan aka ga ka kafa gwangwala, jirgin Maude ya shige matsin. Kana tsaye kana riƙe da jirgi a inda ruwa ya fi ƙarfi, wani kututture ya zo ya bugi gindin jirgin, gwangwalar ta karye, jirgin ya kife. Maude ya kai gaɓa, ya faɗa ruwa yana neman ku har ƙarfinsa ya ƙare, masu gora suka jawo shi. A kan wannan duka babu saɓani.

Saɓanin a kan kalma ɗaya yake. Wasu fatake baƙi da ke tsaye a gaɓar Batsari sun ce da kunnensu suka ji Maude ya ce, "Ruwa nawa!" Wato ya ƙwace hanyar da ba tasa ba, ya tilasta wa tsoho tsayawa a bakin halaka. Maude ya rantse tambaya ya yi, "Ruwa na wa?", kuma ka amsa masa. Mahautan da ke jirginsa sun ce su ba su ji komai ba sai kukan raguna da rurin ruwa. A takarda tazara ce 'yar ƙarama tsakanin "na wa" da "nawa". A baki muryar ce ke bambanta su, murya kuwa in ta ratso iska da ƙarar gulbi ba lallai ta iso yadda ta tashi ba. Amma mutane na cikin zafin rashinka, kuma zafi yana son wanda zai kama. Kafin la'asar an fara jifan jirgin Maude. Dagaci ya kai shi zaurensa, rabi tsarewa, rabi kariya. In maganar fataken ta tsaya, Maude ya bar fito ke nan, ya bar garin, kuma duk inda ya je sunan wanda ya kashe maigidansa zai riga shi isa.

Na je na gan shi jiya da yamma. Bai ci komai ba. Ya ce mini, "Malam, shi ya koya man tambayar ga. In ƙwace mashi ruwa, in kai shi ina? Wallahi da munka haɗu na tambaya, ya ce naka ne, har ya ɗaga man hannu." Ban ce masa na yarda ba, ban ce ban yarda ba. Aikina na rubuta labari ya koya mini kada in rubuta abin da ban tabbatar ba, ko da zuciyata ta riga ta karkata.

Wadda ta faɗi abin da ya kamata mu duka mu tuna ita ce Inna Tasalla, matarka. Ana zaman makoki, mata na ta maimaita maganar fataken, sai ta ɗago kai ta ce, "Ku dakata. Wa kuka ce ya ce nawa? Maude Nau? Mutumin da maigidana ya yi shekara da shekaru yana yi wa dariya don bakinsa bai iya faɗin nawa ba?" Ta aika aka gaya wa dagaci haka, ta kuma aika wa Maude da tuwo daga gidan makokin. Fataken baƙi ne, ba su san sunan ba, ba su san dalilinsa ba. Mu da muka sani, mu muka manta.

Sai dai gaskiya ta sa in ƙara da cewa maganar Inna Tasalla rabin hanya ta kai mu. Ta nuna da wuya a ce Maude ya yi da'awar ruwa. Ba ta nuna an ba shi ba. Bisa ƙa'idarka, wanda ya tambaya bai ji amsa ba, shi ke jira. Ƙanenka Hashimu a nan ya tsaya, kuma ba zan ga laifinsa ba: ya ce ɗan'uwansa ya tsufa a ruwan nan, ya san ba a tsayawa a wurin in gulbi na ɗauke da itace, ba zai ba da hanya ba sai in an matsa masa. Ni kuwa da na san ka, Baba, ina jin tsoron akasin haka ne. Ina jin ka hangi jirgi cike da dabbobi masu firgita, ka san in shi ya tsaya duka za su kife, ka auna naka da nasa, ka ba shi. Amma zato ne nake yi, Hashimu ma zato yake yi. Mutum ɗaya ce ta zauna kusa da bakinka a lokacin, ita ce Shafa'atu.

Allah Ya jiƙan ka, Badaru. Allah Ya gafarta maka, Ya karɓe ka cikin shahidai kamar yadda aka yi wa wanda ruwa ya ci bushara. Yadda ka yi ta jiran bayinSa su ƙetare lafiya, Allah Ya ƙetarar da kai siraɗi ba tare da jira ba. Ina miƙa ta'aziyyata ga Inna Tasalla, da 'ya'yanka Mani da Atika, da Hashimu, da masu gora na gaɓa biyu, da duk wanda ya taɓa zama a jirginka. Ina miƙa ta ga Maude ma, domin ko me alƙali zai ce, shi ma ya yi rashin uba. Allah Ya ba mu haƙuri, Ya tsare harsunanmu daga abin da ba mu sani ba. Dangin Shafa'atu kuwa ban yi musu ta'aziyya ba, kuma ina roƙon Allah kada Ya sa in yi.

Yau da safe wani makiyayi da ya fito daga dajin Ruma ya ce masunta sun tsamo wata mata da rai a wata tunga can ƙasan gulbi, rungume da ƙwaryar nono, tana kwance ba ta iya magana sosai tukuna. Shi bai gan ta ba, a bakin wani ya ji, kuma bai san sunanta ba. Hashimu da mijin Shafa'atu sun bi gaɓa a ƙasa don su gani. Har na ajiye alƙalami ba su dawo ba.