Bunsurun Majigi da Ƙyallen da Na Ƙi Ɗinkewa

Tun ina saurayi aka san ni da taurin kai a kan abin da ba ya cika ciki. Amma rigimar da na fi alfahari da ita a kan bunsuru na yi ta, bunsurun ma na zane, wanda ko romo ba a sha da shi.

A shekarun alif ɗari tara da hamsin ne, ina da keken ɗinki a wata rumfa a bakin kasuwar Lafia. Motar majigi kan zo jefi-jefi, a kafa farin ƙyalle a fili bayan Magariba, a haska mana hotuna. Akwai wani na zane mai motsi da ake kawowa kashi-kashi. Tauraronsa manomi ne mai farar riga, shi ke koya mana binne shara da wanke hannu da rufe rijiya. Tafintan motar ke yi masa baki da lasifika, yana koɗa shi kamar maroƙi ya ga mai sabuwar babbar riga.

A gefen hoton kuwa akwai wani bunsuru mai ƙaho ɗaya da rabi. Ba a ba shi suna ba, ba a yi masa magana. Aikinsa ya ci abin da ba a ci, sabulu ne, malafar manomi ce, igiyar guga ce, sannan ya faɗa inda ba a faɗawa. In ya faɗa sai ya leƙo ya dube mu yana tauna, kamar mu muka tura shi. Wannan kallon ya taɓa sa ni dariya har sai da aka yayyafa mini ruwa.

Maƙwabcin rumfata wani dattijo ne mai sayar da gishirin Keana, shi kuma manomin nan ne ɗan gaban goshinsa.

"Tela, kai fa da hankalinka," in ji shi. "Mutumin kirki na koya maka zaman duniya, kai kana bin dabba."

"Baba, ni riga ce sana'ata. Wa ka taɓa gani ya yini yana huɗar doya ya dawo da riga fara ƙal? Wannan ba noma yake ba, angwanci yake. Duk hoton nan bunsurun ne kaɗai ɗan garinmu."

Daga ranar kasuwa ta laƙaba mini telan bunsuru. Na karɓa da hannu biyu.

Sai wani zuwa aka nuna kashin rijiya, babu bunsuru. Manomi ya rufe rijiyarsa, ya yi murmushi, ya wanke hannu, ya sake murmushi. Na waiga na ga rabin fili na gyangyaɗi. Da aka tashi na tare mai injin, wani siririn mutum marar yawan magana, na ce ina mutumina. Ya ce wani babba a ofishinsu ya ce dariya na cinye darasi, shi ya sa aka sa almakashi aka cire shi daga fim ɗin. Guntun yana cikin gwangwani a ƙarƙashin kujerar mota.

Na yi kwana uku ina ba kowa labari kamar mai sanar da rasuwa. Ba wanda ya taya ni. Baba mai gishiri ma cewa ya yi, "Allah ya raka taki gona."

Farkon damina motar ta dawo da kashin nan na rijiya. A hanya, a garin Kwandere, iska ta kama ƙyallensu ta tsaga shi daga sama har ƙasa, ƙyallen kuwa kauri gare shi kamar fatar bauna, duk garin kekena kaɗai ke iya cin irinsa. Da hantsi sai ga tafinta da mai injin a rumfata, sun ɗauko shi niƙi-niƙi.

"Tela, kafin La'asar muke so," in ji tafinta.

"Yallaɓai, zan ɗinka. Amma yadda zan haɗa muku abin da iska ta raba, haka za ku haɗa mini abin da almakashi ya raba."

Ya dube ni kamar na tambaye shi aron motar. "Aikin hukuma ne fa. Akwai teloli a garin nan."

"Akwai, Allah ya yi musu albarka. Ku kai musu, in allura ta goma ta karye ku gaishe su."

Na ja zane na lulluɓe kekena, na hau kan teburina na harɗe. Baba mai gishiri ya matso yana raɗa, "Ɗan nan, za su kai ƙararka a tashe ka daga rumfar nan. A kan akuya za ka rasa wurin cin abinci?"

"Bunsuru ne, Baba. Ko a bayan idonsa a ba shi girmansa."

Gaskiya rumfar nan ita ce gonata. Amma na riga na hau teburi a gaban jama'a, sauka kuma sai da dalili.

Suka zaga kasuwa da ƙyallen a ka. Bayan Azahar suka dawo, da guntun allura biyu maƙale a jikinsa. Mai injin ya ajiye gwangwanin nan a kan teburina, kusa da ƙafata. Tafinta ya share gumi.

"A maida shi. Amma ka sani, ni ba zan yi wa dabba magana a lasifika ba."

"Yallaɓai, bai taɓa roƙonka ba."

Na diro. Na taka keken nan har ƙafafuna suka manta da ni, shi kuma mai injin yana gefe yana manna guntun da wani ruwa mai warin tsiya.

Bayan Magariba aka haska. Manomi na tsaye yana shirin murmushi, sai ga mutumina ya shigo ta hagu, daidai kan ɗinkina, layin zare ya ratsa gadon bayansa kamar ni na haɗa shi. Ya kama igiyar guga yana ci yana ja da baya, yana ci yana ja da baya, sai ruf, cikin rijiya. Tafinta ya yi gum kamar yadda ya yi alkawari. Can ƙaho ɗaya da rabi ya ɓullo, ya dube mu yana tauna. Dariyar da aka yi, na rantse masu dafa gishiri can garin Awe sun ji ta.

Wata mai sayar da doya a bayana ta zunguri mijinta. "Ka gani ko? Rijiyan gidanmu haka yake, baki buɗe. Gobe ka rufe shi, ko kai ma ka leƙo kana tauna."

Na juya wajen Baba mai gishiri, na same shi ya dunƙule, kafaɗunsa na rawa, rawaninsa ya zame.

"Baba, lafiya?"

"Tari ne."

Har ya bar duniya bai yarda dariya ya yi ba, ni ma ban yarda tari ne ba. Rumfata ba wanda ya taɓa ta. Kuma duk mai cewa manomin nan mai farar riga ne ya rufe rijiyoyin unguwarmu, ya zo ya same ni. Ina nan, har yanzu ina iya hawa teburi.